Gargaɗi: A Daina Kashe Ungulu Tun Kafin Mushe Ya Gagare Mu

Jama'a, a saurara. Ungulu na ƙarewa a ƙasar Hausa, kuma da hannunmu muke ƙarar da ita. Wannan gargaɗi ne ga mahauta da mafarauta da makiyaya, ga masu maganin gargajiya da masu zuwa saye a wurinsu, ga masu unguwanni da dagatai, da duk wanda Allah ya ba babban itace a gonarsa ko a bayan gidansa. Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya ya san yadda kwata take da safe a da. Kafin mahauci ya gama fiɗa, ungulaye sun cika katanga da rufin rumfuna, wasu ma a ƙasa suke yawo tsakanin ƙafafun mutane, sai an kore su da sanda. Ran Babbar Sallah kuwa ba unguwar da ba sa sauka. Yau a je mayankar manyan garuruwanmu a ɗaga kai: shirwa ce da hankaka da balbela. Akwai yara masu shekara goma sha a Kano da Zariya da Katsina da suka iya cewa ungulu ba ta jewar banza, amma ba su taɓa ganin jewar da idonsu ba.

Kada a ce zancen tsofaffi ne masu kewar jiya. An ƙirga. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana lissafin tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan dai. Manyan ungulayen daji, dangin maiki, sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandayen da hukuma ke tsaro. Ungulun gari, wadda muka fi sani, ta ragu da kusan rabi. Wannan lissafi ya haura shekara ashirin, kuma bayansa ne kasuwar kawunan ungulu ta ƙara zafi. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ɓacewa a duniya, ta sa jinsi huɗu na ungulayen Afirka a mataki mafi haɗari, wanda daga shi sai a ce halitta ta ƙare a daji. Ungulunmu ta kwata tana cikinsu.

Mu fara da abin da ya fi kusa da mu, ko da ba daɗin ji. A manyan kasuwanninmu, a layin masu sayar da sassaƙe da fatun namun daji, ana sayar da kan ungulu da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta, wani lokaci ma da ranta. Masu saye sun haɗa da mai neman sa'ar caca, da mai neman kasuwa, da ɗan siyasa idan zaɓe ya ƙarato, da wanda aka ce masa ƙwaƙwalwarta na sa a hango abin da ke ɓoye, tunda ita tana hango mushe daga nesa. Akwai kuma bayin Allah da ciwo ya kai su bango, masu farfaɗiya ko taɓin hankali ko shanyewar ɓarin jiki a gida, aka ce su kawo kan ungulu. Waɗannan na ƙarshe abin tausayi ne, kuma su aka fi cuta. Binciken da aka yi a kasuwannin arewacin Najeriya ya nuna cewa da yawa daga cikin kayan nan daga Nijar da Chadi da Kamaru da Benin har Sudan ake kawo su. Ma'anar wannan a fili take: mun cinye namu, mun shiga na maƙwabta.

Labarin wata ungulu guda ya isa misali. A 2013 masu bincike a ƙasar Girka suka ɗaura wa wani ɗan ungulu, irin farar nan mai rawayar fuska, na'urar da ke nuna inda yake, suka sa masa suna Paschalis. Irinsa saura kaɗan ne a yankin Balkan. Ya tsallake tekun Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya yi hunturu a kudancin Nijar. A farkon 2014 na'urar ta nuna ya daina tashi, a arewacin Najeriya. Da aka bi sawu aka tarar maharbi ne ya kashe shi don sayarwa. Teku bai ci shi ba, hamada ba ta ci shi ba, sai da ya iso wurinmu.

Yadda ake kama su shi ne babban tashin hankalin. Bindiga ɗaya take kashewa, sauran su tashi. Guba kuwa ba ta barin ko ɗaya. Ana barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan mushen jaki ko tumbin saniya, ungulaye su sauko gaba ɗaya kamar yadda suka saba, cikin ɗan lokaci su zube. Zuwa watan Maris na 2020, a yankunan Bafata da Gabu na Gini Bisau, guba ta kashe ungulayen gari sama da 2,000, ɗaruruwa daga cikinsu an yanke musu kai. A Botswana a 2019, gawar giwa uku da ɓarayin haure suka sa wa guba ta kashe ungulu 537, don kawai jewarsu a sama na tona asirin inda aka kashe giwa. Wani nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a 2016, wanda ya tattara mace-macen ungulu da aka rubuta a ƙasashen Afirka, ya gano cewa guba ce sanadin kashi 61 cikin ɗari, cinikin sassan jiki kuma kashi 29. Wato cikin kowace goma da ta mutu, tara mutum ne ya kashe su, ko da gangan ko da ganganci. Na ganganci shi ne makiyayin da kura ko dila suka dame shi, ko mai unguwar da karnuka suka addaba, ya sa guba a nama ya ajiye a fili. Kurar da ake nufi ta yiwu ba ta zo ba, amma ungulu sai ta zo.

Yanzu mai saye ya tsaya ya yi tunani. Kan nan da aka naɗe maka a tsumma, aka ce ka daka ka sha a kunu ko ka yi hayaƙi da shi, da me aka kashe mai shi? Tsuntsun da guba ta kashe, gubar tana maƙogwaronsa da cikinsa, kuma ba wanda ya isa ya ba ka tabbacin bushewa ta kawar da ita. Ka je neman lafiyar ɗanka, ka dawo da maganin ƙwari a aljihu. Har ila yau an sha ba da rahoton masu gasa naman ungulu suna sayarwa da sunan kaza ko zabo a wasu wurare na Afirka ta Yamma. Ungulu da kan zabo, wadda muka sani a baki, ta koma sana'a.

Abin da ke sa ɓarnar ba ta gyaruwa da wuri shi ne haihuwarta. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, guda ɗaya tak. Tana kwanci a kansa wajen kwana hamsin, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashi ma iyayen na ci gaba da ciyar da shi. Sai ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Zabuwa guda na zuba ƙwai da yawa a damina ɗaya, shi ya sa farauta ba ta saurin ƙarar da ita. Wanda ya hau itace ya ɗauke ƙwan ungulu ya shafe aikin shekara ɗungum, wanda ya zuba guba ya kashe hamsin kuwa ya shafe abin da garin ba zai mayar ba a tsawon rayuwarsa.

Ga kuma gidan. Ungulun gari ba ta sheƙa a kan ƙaramin itace. Sai doguwar giginya, sai rimi, sai maɗaci, sai kuka, sai tsamiyar da karin magana ya ce can ne gidanta. Waɗannan su ne masu injin yankan katako da masu gawayi suka fi so, domin itace ɗaya ya cika mota. Unguwanni nawa ne a Zariya da Kano ke amsa sunan rimi ko tsamiya, alhali in ka je ba ka ganin itacen sai shaguna? Ba laifin mafarauci kaɗai ba ne. Gaskiya kuma ita ce wasu mayankun zamani sun rufe sharar da ungulu ke ci, wannan ma ya rage mata abinci. Sai dai ƙarancin abinci sa ta ƙaura yake yi, guba da gatari su ne ke hana ta dawowa.

Na san abin da wani zai ce: ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta ungulu, ƙazamar tsuntsuwa mai sanƙon kai? To a dubi Indiya, domin su sun riga mu faɗawa ramin.

A shekarun 1980 Indiya na da ungulaye miliyoyi barkatai. Da yake yawancin mutanen ƙasar ba sa cin naman shanu, saniya in ta mutu akan feɗe fatar a bar wa ungulu sauran, cikin ƙasa da awa guda sai ƙashi. Daga shekarun 1990 aka ga suna faɗowa daga itatuwa, ba a san dalili ba. Sai a 2003 da 2004 bincike a Pakistan ya gano mai laifin: dikulofenak, maganin rage zafi da kumburi mai araha da ake yi wa shanu allurarsa. Idan saniya ta mutu ba da daɗewa da allurar ba, ungulun da ta ci naman, ƙodarta na lalacewa, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Jinsi ɗaya ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari tsakanin 1992 da 2007. Cikin dubu, ɗaya ta rage. Indiya da Nepal da Pakistan sun haramta amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma aikin gama ya riga ya gama. Mushe ya taru a bayan garuruwa yana ruɓewa, ana jefa wani a rafi, karnukan da ba su da mai su suka samu abinci suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2024 masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta gundumomin da a da ke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita. Ƙiyasinsu shi ne mutum kusan 500,000 ne suka mutu tsakanin 2000 da 2005 fiye da yadda da za a mutu in da ungulayen na nan. Ƙiyasi ne, amma ko a raba shi gida goma a ɗauki ɗaya, ya isa a tsorata.

Sirrin yana cikin tumbinta. Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai tsananin ƙarfi da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Ga ta da sauri, tana gama gawa tun ƙudaje da ɓeraye da karnuka ba su taru ba. A Kenya an gwada: mushen da aka hana ungulu sauka a kansa ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobi masu shayarwa da ke zuwa ci suka ninka, suna cuɗanya da juna a wuri ɗaya. A mayankun Habasha an lura cewa cikin 'yan shekaru da manyan ungulaye suka ragu, karnukan da ke zuwa wurin sun fi ninki biyu. Bambancin kuwa shi ne ungulu in ta ƙoshi sama take komawa, kare kuwa cikin unguwa yake komawa, inda yaranmu ke wasa. Cutar haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, kusan dukkansu a Asiya da Afirka, kuma da zarar alamunta sun bayyana babu magani.

Mu ma ƙasar dabbobi ce. Ƙarshen rani nawa muka ga shanu sun zube a hanyar mashaya? Jakin da ya mutu a bakin kasuwa, akuyar da mota ta take, wa ke kwashewa? A tsakiyar 2023 cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta ɓulla a arewacin Ghana, a watan Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja. Ban ce rashin ungulu ne ya kawo ta ba. Abin da nake cewa shi ne irin waɗannan cututtuka suna nan tare da mu, kuma muna kashe mai share mana fili ba tare da mun tanadi wanda zai maye gurbinta ba. Babu ƙaramar hukumar da ke da motar kwasar mushe a daji. Dikulofenak ɗin nan kuma yana nan a shagunan magani, makiyaya da yawa da kansu suke yi wa dabba allura, kuma gwaji ya tabbatar yana kashe manyan ungulayen Afirka kamar yadda ya kashe na Indiya. Akwai madadinsa, meloksikam, wanda aka gwada aka ga ba ya cutar da su.

Doka tana nan a takarda. Najeriya na da dokar kare halittu masu fuskantar ɓacewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016, kuma a 2017 ƙasashen duniya sun amince a birnin Manila da wani shiri na ceto ungulayen Afirka da Turai da Asiya. Amma ma'aikacin gandun daji guda nawa ne a ƙaramar hukuma, kuma yaushe zai san an hau giginyar bayan gari da tsakar dare? Mutanen gari ne ke sani. Su suka san baƙon da ya sauka da buhu yana tambayar inda ungulu ke kwana, su suka san wanda ya nuna masa.

Inda aka samu nasara, ta hannun mutanen gari aka same ta. A ƙauyen Pithauli na Nepal, tun 2006, jama'a suka ware wuri suna karɓar tsofaffin shanun da masu su suka kasa riƙewa, su kula da su har su mutu, su tabbatar babu dikulofenak a jikinsu, sannan su ajiye wa ungulu. Suka bi shagunan magani suna jan hankalin masu sayarwa. Bayan 'yan shekaru ƙidaya ta nuna ungulayen Nepal sun fara ƙaruwa, baƙi masu zuwa kallo kuma suna kawo wa ƙauyen kuɗi. Ba sai mun je nesa ba ma. Raƙuman dawan Kure, a gabashin Yamai, 49 suka rage a 1996, su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Ba a cikin gandu suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake. Da aka zauna da manoman, aka taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan rance, aka ɗauki 'ya'yansu aikin ja-gora, yau sun haura 600, har a 2018 aka kai takwas gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. A kan ungulu ma an fara: Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta zauna da masu maganin gargajiya, su da kansu suka lissafo itatuwa da ganyayen da za a yi amfani da su a madadin sassan ungulu, a Nijar kuma ana sa ido a kan sheƙunan da ke duwatsun Kutus a jihar Damagaram tare da mutanen yankin.

Don haka, ranka ya daɗe Sarkin Pawa, maganar ta fi ƙarfi a wurinka. Inda duk ungulu ta rage a gari, a kwatarka take cin abinci, kuma a nan mai guba ke samunta. In ka ce ba a taɓa ungulu a mayankarka, ba mai taɓawa. A ware mata gefe nesa da rumfunan nama a riƙa zuba abin da ba a sayarwa, a sa yaran mahauta su lura da baƙon da ke sayen tumbi ba don miya ba. Sarkin Baka, mafarauta na jin maganarka fiye da ta kowane jami'i. Farautar gaske tana da ƙa'ida tun kaka da kakanni, guba ba ta cikinta. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ƙara muku lafiya, a san itatuwan da ke da sheƙa a ƙasarku, a ba kowane itace mai kula da shi, a hana sara ko da an saya. Malamanmu sun fi ni sanin hukuncin zuwa wurin boka da na kashe rai a banza, abin da ake roƙo kawai su ambaci ungulu da sunanta a kan mumbari, domin da yawa daga masu sayen kan nan suna sahun gaba ran Juma'a.

Makiyayi da mai shagon maganin dabbobi, a tambayi malamin dabbobi kafin a yi allurar rage zafi, a nemi meloksikam. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata dikulofenak a binne ta da zurfi. Kada a sa guba a nama a ajiye a fili saboda kura ko kare, ko da kuwa ɓarnar ta yi yawa. A kai ƙara wurin mai gari da ma'aikatan dabbobi.

Wanda kuma ya tarar da ungulaye a zube kusa da mushe, ko suna layi sun kasa tashi, ya sani guba ce. Kada ya taɓa da hannu, kada ya bar yara ko karnuka ko kaji su matso, kada kowa ya ɗauki ko gashi. A tsare wurin a kori waɗanda ke ƙoƙarin sauka, a aika wa mai unguwa da malamin dabbobi ko ma'aikacin gandun daji nan take, sannan a ƙone mushen da gawarwakin ko a binne su nesa da rijiya da rafi. Waɗanda ke da sauran numfashi a sa su a inuwa har ma'aikaci ya iso, domin wasu na farfaɗowa in an yi hanzari.

A yankinmu da rani ungulu ke kwanci, daga bayan kaka har zuwa shigowar bazara, kuma a lokacin ne masu neman ƙwai ke yawo. Duk garin da ya san yana da ko da sheƙa ɗaya, ya kai maganar fada a wannan makon, a sa wanda zai tsare itacen kafin su iso.